Yadda Ake Dashen Itatuwa da Gyaran Harabar Makaranta Tare da Ɗalibai

Malamai da shugabannin makarantu suna yawan tambayar yadda za a tsara aikin gyaran haraba wanda ɗalibai za su yi da hannunsu, su koyi aiki tare, kuma abin da aka shuka ya rayu. Da yawa sun taɓa gwadawa: an yi dashe da damina, kafin bazara ta wuce awaki da ƙishirwa sun gama da shi. Ranar dashe ba ita ce mai wuya ba. Wahalar tana cikin ruwa, da shinge, da sanin wanda ke da alhakin kowace bishiya.

Za a yi lissafi a nan da misalin aji ɗaya mai ɗalibai 40, da bishiya 20, da shingen lalle mai tsawon mita 30, da hanyar ƙafa mai mita 20. Wanda filinsa ya fi haka ko bai kai ba sai ya daidaita. Amma shekarar farko kada a wuce wannan. Bishiya 20 masu rai sun fi 200 da za a rasa ruwan ba su.

1. Neman amincewa

A fara da shugaban makaranta, sannan kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. A sanar da mai unguwa, domin dabbobin da za su shigo na makwabta ne, kuma maganarsa ta fi ta malami shiga a wajensu. Maigadin makaranta kuwa a sa shi cikin shawara tun ranar farko. Shi ne zai kasance a wurin lokacin hutu da kowa ya watse.

A ware wa aikin lokaci a jadawalin darasi, ko da minti 40 ne sau biyu a mako, da sassafe ko bayan la'asar. Aikin da aka bari sai an samu sarari ba ya ɗorewa.

Gargaɗi: kada a taɓa mayar da wannan aiki horo ga masu makara ko masu laifi. Yaron da ya saba ganin fartanya a matsayin hukunci ba zai so bishiyar da ya dasa ba, kuma sauran ɗalibai za su ɗauki aikin abin kunya.

2. Zagaya fili da zana taswira

A fita da ɗalibai da littafi da fensir da tef ɗin awo. Su zana ajujuwa, da ƙofa, da rijiya ko famfo, da masallaci, da bayi, da filin ƙwallo, da wurin taron safe. Sannan su sa alama a kan abubuwa huɗu: inda wayar lantarki ta bi ta sama, inda bututun ruwa ko ramin masai yake a ƙasa, inda ɗalibai suka saba takawa har ciyawa ta mutu, da inda ruwan sama ke bi ko yake kwanciya. Na ƙarshen nan ba a gane shi sai an fita bayan an ɗauke ruwa, ko a tambayi maigadi da tsofaffin malamai.

A gwada ƙasa a wuri uku ko huɗu. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa. In ya tsotse cikin ɗan lokaci, jigawa ce, tana son taki mai yawa da ban ruwa akai-akai. In an kwana an tarar da ruwan a tsaye, laka ce mai riƙe ruwa, mangwaro da lemo ba za su ji daɗinta ba, saiwarsu ruɓewa za ta yi. In diga na tsalle a kai, fako ne, akwai dabararsa a mataki na 8.

3. Lissafin ruwa

Wannan matakin ne ke yanke yawan abin da za a dasa, shi ya sa ya riga sayen iri. Ƙaramar bishiya a ranin farko tana bukatar kamar lita 20 sau biyu a mako. Bishiya 20 ke nan lita 800 a mako, wato jarka 32 mai cin lita 25. A watannin Maris zuwa Mayu, musamman a jigawa, sai an ƙara zuwa sau uku. Lalle da fulawa suna da nasu kason daban. Ɗalibai su yi wannan lissafi da kansu a allo, sannan a tambaya: daga ina ruwan zai fito, wa zai ɗebo, in kuma saye za a yi wurin 'yan ga-ruwa, wa zai biya? In babu amsa, a rage yawan itatuwan.

Akwai ruwan da kusan kowace makaranta ke zubarwa a banza. Na farko ruwan alwala. A yi masa ƙaramar magudana zuwa gindin bishiya biyu ko uku, ko fangalin zogale, ya isa ya riƙe su duk shekara. Na biyu ragowar da ke malala a gindin famfon tuƙa-tuƙa. Na uku ruwan da ke zubowa daga kwanon rufi, wanda za a iya tarawa a durom mai murfi.

Gargaɗi: ruwan bayi da ruwan wanki mai sabulun gari da yawa ba sa zuwa wurin shuka. Kuma magudanar ta zama mai gangara, kada ruwa ya kwanta ya zama gidan sauro.

4. Raba ɗalibai

Aikin gayya na yini ɗaya yana da amfani wajen share fili, amma ba ya rainon bishiya. Abin da ke na kowa ba na kowa ba ne. A raba ɗalibai 40 rukuni biyar, mutum takwas-takwas, kowane rukuni da bishiyarsa huɗu, da shingen lalle mita shida, da sunansa a rubuce a allon katako.

A cikin rukuni kowa ya san aikinsa: shugaba mai raba aiki da kiran suna, ma'ajin kaya mai karɓowa da mayarwa, magatakarda mai rubuta awo da ranakun ban ruwa, mai lura da lafiya da tazara tsakanin masu haƙa, sauran kuma masu ruwa da cire ciyawa. A riƙa juya muƙaman duk wata, ta yadda mai shiru zai ɗanɗani shugabanci, mai yawan magana kuma ya ɗauki jarka.

Malami ne zai haɗa rukunin, ba ɗalibai ba. In an bar su, abokai za su taru wuri guda, ƙarfafa su bar ƙanana. A gauraya manya da ƙanana. Inda makarantar ta haɗa maza da mata, kada a bar 'yan mata da shara da ɗibar ruwa kawai alhali maza na awo da dashe; ko rukuninsu daban ne, su yi kowane mataki. Masu sikila da masu asma da masu larurar gaɓoɓi a ba su awo, da rajista, da renon iri a inuwa, a nisanta su da ƙura da zafin rana. Aiki ne na gaske, ba na rarrashi ba.

In rigima ta tashi a rukuni, malami ya ba su minti biyar su sasanta kafin ya sa baki. A nan ake koyon aiki tare.

5. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Kowane rukuni: shebur ɗaya, fartanya biyu, manjagara ɗaya, bokiti biyu, jarka biyu. Na tarayya: diga biyu, baro biyu, adda biyu a hannun malami, tef ɗin awo, igiya mita 50, fegi, guduma, filaya, da akwatin taimakon gaggawa. Fartanya da bokiti ɗalibai na iya arowa daga gida, a sa wa kowanne alama da fenti.

Iri ba shi ne mai cin kuɗi ba. Shinge ne kan gaba, sai ruwa, sai burji da kuɗin ɗauko shi. Don kewaye bishiya 20 ana bukatar ragar waya mita 40 da turaku 60. Dashen lalle guda 75. Taki kamar baro 13. A ƙara kashi 10 cikin 100 a kan yawan iri saboda cike gurbi. Ɗalibai uku su je kasuwa tare da malami su ji farashi a shago uku, su rubuta, su kawo wa aji. Kafin a sayi iri a leƙa sashen gandun daji na ƙaramar hukuma ko na jiha da takardar makaranta, domin gandun renon gwamnati kan ba makarantu dashe. Taki kuwa iyaye masu dabbobi za su bayar in an roƙa da wuri, kafin a kwashe shi zuwa gona.

Duk abin da ya shigo ko ya fita a rubuta shi a littafi guda, a karanta wa aji.

6. Zaɓen itatuwa da tazara

Don inuwa a wurin taro da bakin fili, darbejiya ce ta fi jure fari da sakaci. A ba ta tazarar mita 7 zuwa 8. Maɗaci ma yana yi, sai dai yana girma ƙwarai, sai fili mai faɗi. Don 'ya'ya, mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan karan wata uwa, a tazarar mita 10, gwaba mita 5 zuwa 6, lemo mita 6. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yana ɗaukar shekaru fiye da haka. Zogale a sa shi mita biyu-biyu kusa da ruwa. Shi ne ke saurin faranta wa ɗalibai rai, domin cikin watanni kaɗan za su tsinki ganye.

Babbar bishiya ta nisanci gini da aƙalla mita 6, ta nisanci rijiya da ramin masai, kuma kada a dasa ta ƙarƙashin wayar lantarki. Itacen turare yana da saurin tashi, amma yana shan ruwa da yawa, kuma abin da ke gindinsa ba ya sakewa, don haka ba na kusa da fangali ba ne. Bishiyar inuwa ta fi amfani a yammacin aji, inda ranar la'asar ke dukan bango.

Wajen saye a zaɓi dashe mai tsawon santimita 30 zuwa 60, mai kauri da koren ganye. Wanda ya daɗe a leda har saiwarsa ta huda ta shiga ƙasa, ko ya yi tsawo siriri, a bar shi.

Gargaɗi: kada a yi shinge da bini-da-zugu inda akwai ƙananan yara, 'ya'yansa guba ne kuma yara na ɗaukarsu kamar gyaɗa. Zaƙami in ya fito a tuge shi. Aguwa da duk tsiro mai farin ƙaro kamar nono suna cutar da ido. Lalle ya fi su aminci, yana jure aski, ganyensa kuma yana da kasuwa.

7. Haɗa taki

A fara wannan wata uku kafin dashe. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a inuwa, nesa da aji. A jera busasshen ganye da sharar haraba kamar taƙi ɗaya, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika. A juya shi duk mako biyu zuwa uku. Ya nuna in ya yi baƙi, yana marmashewa, ba zafi ba wari. Leda da kwalba da batir a tsince su tun wajen shara.

Gargaɗi: ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. In lokaci ya ƙure, a nemi tsohon taki wanda ya shekara a turke.

8. Awo da haƙa rami

A ja igiya a kafa fegi a duk inda bishiya za ta zauna, a dawo a duba da taswira kafin a sa diga. Don samun kusurwa madaidaiciya, a ɗauki igiya mita 12, a yi ƙulli a mita 3 da mita 7, a haɗa bakin biyu. Ɗalibai uku su riƙe ƙulli biyun da mahaɗar bakin, su ja har igiya ta miƙe. Kusurwar da ke tsakanin gefen mita 3 da na mita 4 ita ce ake nema. Malamin lissafi ya zo wannan rana.

Ramin ya zama santimita 60 faɗi, 60 tsawo, 60 zurfi. A yanka sanda mai wannan tsayi a ba kowane rukuni. Ƙasar sama, wato taƙi na farko, a tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa a wani gefen. A gauraya ƙasar sama da taki bokiti biyu da toka cikin tafi biyu, a mayar cikin rami, a bari ruwa ɗaya ko biyu ya sauka a kai ya zauna. Mako biyu kafin dashe ya isa.

A fako mai gangara a yi rabin wata, irin wanda manoman Nijar ke farfaɗo da matacciyar ƙasa da shi. A zana rabin da'ira mai faɗin kamar mita biyu, bakinta na kallon tudu, a sassaƙe cikinta, a tara ƙasar a gefen gangare ta zama kunya. Ruwan da ke gudu zai tsaya a ciki ya nutse. In aka juya bakin ya kalli gangare, aikin ya tashi a banza.

Gargaɗi: tsakanin mai diga da na kusa da shi a bar mita biyu. Kowa da takalmi rufaffe. Ba a ɗaga dutse ko tsohon bulo da hannu sai an fara turawa da sanda, saboda kunama da maciji. Ramin da ba a cike ba a kewaye shi da igiya kafin a tashi. Wanda tsohon ƙarfe ya yanka a wanke ciwon a kai shi asibiti a duba batun allurar tsinkau-tsinkau.

9. Ranar dashe

A jira ruwa ya zauna. A Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram hakan yakan kama ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a Zariya da Kaduna kuma yakan riga haka. Makarantu da yawa na son dashe ranar 5 ga Yuni saboda Ranar Muhalli ta Duniya, amma a can arewa sosai sau da yawa ƙasa ba ta jiƙu ba tukuna. A yi taron a ranar in ana so, dashen ya jira. Kada kuma a kai ƙarshen Agusta, domin saiwa na bukatar kamar wata biyu na ruwan sama kafin kaka.

A yi dashe da yamma ko ranar da ake lumshi. A jiƙa ledar tun da safe. Malami ya dasa ɗaya kowa na kallo, sannan rukuni-rukuni:

A buɗe gurbi daidai girman ledar a tsakiyar ramin. A kwantar da ledar a tsaga ta daga gefe, a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Saiwar da ta nannaɗe a gindi a datse ta. A zaunar da dashen yadda wuyansa zai yi daidai da fuskar ƙasa, kamar yadda yake a leda. A cike, a danna da hannu, sannan a taka a hankali. A yi masa kwano mai faɗin mita ɗaya, a zuba ruwa bokiti guda ko da ana sa ran hadari. A rufe kwanon da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa huɗu, amma kada ya taɓa jikin itacen.

Kurakurai uku ne ke yawan kashe dashe a wannan rana: binne shi da leda, ɗaukarsa ta wuya har saiwa ta tsinke, da zurfafa shi har ƙasa ta rufe kara. A mangwaro da lemo mai aure, mahaɗar ta tsaya a sama da ƙasa, duk tohon da ya fito a ƙarƙashinta a cire shi, in ba haka ba uwar ce za ta rinjayi auren.

Lalle a ja masa kwari mai zurfin santimita 30, a zuba taki, a dasa da tazarar santimita 40.

10. Kariya daga dabbobi

A yi ta a ranar dashe, ba gobe ba. Akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin rukuni kafin sallar magariba. Kowace bishiya turaku uku da raga mita biyu, tsayinta ya kai mita ɗaya da kwata ko fiye, a binne gindin ragar kaɗan, a lanƙwasa bakin wayar ciki kada ya yagi yaro. Inda ba kuɗin raga, a jera bulon ƙasa ana barin tagogi don iska, ko a saƙa kwando da tsumagiya. Karan dawa yana da arha amma gara na binsa, sai an riƙa dubawa. Ƙaya tana hana dabba, sai dai ba ta dace da inda yara ke gudu ba takalmi ba.

11. Hanya da fangali

Hanya ta bi inda ƙafa ta riga ta bi. In aka karkata ta don kyau, ɗalibai za su yanke ta cikin fulawa. Faɗi mita ɗaya da rabi, tsawo mita 20, kauri santimita 10: burji kamar baro 50 ke nan. A kankare ciyawa, a jera bulo ko duwatsu a gefe, a zuba burjin kashi biyu, kowane kashi a yayyafa ruwa a daɓe. Tsakiya ta ɗan fi gefe tudu don ruwa ya zame.

Fangali kada ya wuce mita ɗaya faɗi, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. A bar tazarar mita ɗaya daga bangon aji, musamman ginin ƙasa, saboda danshi. In za a yi ado da tsofaffin tayoyi, a cika su da ƙasa dam, kada ruwa ya taru a cikinsu. Bakin kwari da inda zaizaya ta fara ci a dasa jema a jere, saiwarta na riƙe ƙasa. Shimfiɗar ciyawar kirikiri tana da kyau amma tana cin ruwa da rani, a bar ta sai an tabbatar da famfo.

12. Hutu, hunturu da bazara

Dogon hutu na faɗowa jim kaɗan bayan dashe. Ruwan sama zai ɗauke nauyin ban ruwa, amma ciyawa da dabbobi ba sa hutu. Kafin a rufe makaranta a fitar da jadawali: ɗalibai biyu daga kowane rukuni, waɗanda gidansu ke kusa, su leƙo sau ɗaya a mako da sanin iyayensu, su sa hannu a wurin maigadi. Haka za a yi a kowane hutu.

Ana ɗauke ruwa a fara ban ruwa, kada a jira ganye ya yanƙwane. Gara a zuba lita 20 lokaci guda da a riƙa yayyafa kofi-kofi kullum, domin ruwa kaɗan yana tsayar da saiwa a sama, rana ta ƙone ta. Inda ruwa ke wuya, a binne tulu ko tukunyar ƙasa har wuya, taƙi ɗaya da rabi daga gindi, a cika a rufe. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali. A watan azumi a mayar da aikin sassafe, a rage shi zuwa ban ruwa kawai.

In an ga gara ta yi gini a jikin kara, a kankare, a ja ciyawar rufi baya, a barbaɗa toka, a ƙara ruwa, domin ta fi kama itacen da ƙishi ya raunana. Maganin feshi ba aikin ɗalibi ba ne. Lalle a aske kansa in ya kai gwiwa don ya yi rassa daga ƙasa; zogale a datse shi a tsayin mita ɗaya.

13. Rajista da miƙa aiki

Kowace bishiya da lambarta. A farkon kowane wata magatakarda ya auna tsayinta, ya rubuta ranakun ban ruwa da abin da aka gani. A ƙarshen Mayu a ƙirga masu rai, kowane rukuni ya fitar da kashinsa cikin 100, ya tsaya gaban aji ya faɗi abin da ya kashe wadda ta mutu. A tone ta a duba saiwa: in ta ruɓe ruwa ne ya yi yawa ko laka, in an cinye ta gara ce, in tana nannaɗe matsalar daga leda take. Maki ya bi rukuni, a kan bishiyar da ta tsallake bazara da tsabtar rajista.

Gurbin da ya mutu a cike shi da daminar gaba. Ɗaliban da za su fita kuma, a zangonsu na ƙarshe kowane rukuni ya ɗauki 'yan ƙaramin aji huɗu su yi aiki tare, sannan a miƙa musu littafin rajista da kayan aiki a gaban shugaban makaranta, a sauya sunayen da ke kan allon.